Ƙwayar Wake a Hancin Ɗan Fari

Da sunan Allah nake farawa, kamar yadda malamina ya saba mini tun ina riƙe da allo, ko da abin da zan rubuta bai wuce labarin ƙwayar wake ba.

Shekarar da ɗanmu na fari ya cika shekara biyu, Allah ya ba mu wake mai yawa a gonarmu ta hanyar Gabi. Mai ɗakina tana sussuka tana sheƙa a tsakar gida, yaron yana kai da kawowa tsakanin ƙwarya da tabarma. Ana cikin haka ya fara rigima. Kwana uku ba ya cin abin kirki, yana ta murza fuska, majina tana zuba. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta ce haƙori ne. Na yi masa rubutu ya sha, muka roƙi Allah sauƙi. A rana ta huɗu da hantsi na ce mu haɗa da likita. Inna ta goya shi, muka bi gefen tafki mu uku har cikin garin Madarumfa.

A gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban manya, balle a gaban suruka. Ni ma haka aka rene ni. Ga kuma wani ƙarin: yaron sunan marigayi mahaifina aka sa masa, Inna kuwa ba ta taɓa furta sunan mijinta ba, yana raye ko bayan ransa. Maigida take ce wa jikan.

Wadda ta karɓe mu ita ce babbar ma'aikaciyar jinya ta asibitin garin, wadda kowa ke ce wa manjo. Mace ce mai jiki, mai faɗin dariya. Ta gaida Inna har da ɗan rusunawa, ta tambayi gida da gona, kana ta ɗauki biro.

“Mi sunan yaron?”

Mai ɗakina ta ja mayafi ta dubi ƙasa. Ni na dubi rufin ɗaki.

“Maigidana ne,” in ji Inna.

“Na ji, Inna, Allah ya bar ku tare. Amma takarda ba ta san maigida ba.” Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, sai ta fashe da dariya. “Mutum uku, baki uku, ba mai iya faɗi? Ɗan fari ne, kuma mai sunan tsoho. Na gane. Malam, hannunka ma yana jin kunya?”

Ta miƙo mini biro. Na rubuta sunan da ajami a gefen takarda, har da wasali. Na zaci za ta nemi mai karanta mata, sai na ga ta karanta a zuci, ta juya shi da boko. Ta ce ita ma ta yi makarantar allo kafin a kai ta lakwal, wato makarantar boko.

Ba ta taɓa yaron nan da nan ba. Ta bar shi a cinyar Inna, ta murza tafukanta suka yi ɗumi, ta ba shi abin sauraren ƙirji ya yi wasa da shi. Daga nan ta bi shi a hankali tun daga kai: ta shafa maɗiga, ta ja fatar ido ta duba, ta leƙa kunnuwa, ta saurari ƙirji da baya, ta danna ciki. Layar da ke wuyansa ta ɗaga ta da yatsa biyu, ta mayar inda take. Da ta buɗe bakinsa ta ce, “Inna, haƙoran maigidanki lafiya lau. Ya fi ki ma.”

“Ai shi ya sa nake kishi,” in ji Inna.

Sai manjo ta kawo fuskarta kusa da tasa, ta shaƙa. Ta ce majinar ta kafar hanci ɗaya take fita, kuma tana wari. Ta tambayi abin da yake wasa da shi kwanakin nan. Inna ta ce ba komai, kullum yana bayanta. Ni kuwa na san ba haka ba ne, don Inna barcin rana take yi. Mai ɗakina, wadda ta san amsar, tana zaune a ƙarshen benci, yatsunta suna murɗa gefen zane.

Manjo ta lura. Ba ta ce da ita “ɗanki” ba. Ta juya mata baya tana wanke hannu, ta ce, kamar mai hira da bango, “Ƙanwata, wancan yaron na gidanku, na Inna, ko kin taɓa ganin shi kusa da wani abu ƙanana?”

Da ƙyar muka ji muryarta. “Wake. Ranar Lahadi na ga yana cusawa a hanci, na ƙwace guda biyu.”

Aka haska fitila a hancin. Ga ƙwayar nan kuwa, ta uku, ta sha ruwa ta kumbura. Manjo ta ce in ba ta fita a nan ba, sai an kai shi Maradi a sa ƙarfe a ciro, kuma barinta haɗari ne, tana iya zarcewa ciki. Amma akwai dabara: a toshe kafa mai lafiya da yatsa, wanda yaron ya fi yarda da shi ya haɗa baki da nasa ya hura da ƙarfi sau ɗaya.

Inna ta gyara zama ta ce ita ce. Ta matso da baki, yaron ya kauda kai yana ihu, hannuwansa biyu a miƙe wajen uwarsa. Kowa ya gani. Mai ɗakina ba ta motsa ba, amma hawaye ya cika mata ido.

Abin da Inna ta yi a nan, har gobe ina yi mata addu'a a kansa. Ta ajiye yaron a kan benci, ta tashi tana dafa gwiwa, ta ce da manjo, “Ɗiyata, wannan zanen da ke bangonku, na mai ciki da gidan sauro, tun ɗazu nake son in dube shi da kyau.” Ta je ta tsaya, hancinta kusan yana taɓa bango. Ni ma na ga ya kamata in taya ta dubawa.

A bayanmu muka ji kukan ya tsaya. Muka ji hurawa ɗaya. Manjo ta ce, “Ƙara, da ƙarfi.” Sai wani abu ya buga kwanon ƙarfe, ƙal!

“Alhamdu lillahi,” in ji Inna, ba ta juyo ba. “An gama, ko in ƙara karatu?”

Manjo ta naɗe ƙwayar a auduga ta ba ni, wai in kai gona tunda ta riga ta jiƙa. Ta ba mu magani, na rubuta yadda za a sha da ajami don kada mu manta. A hanyar komawa Inna ce ta goya shi, kamar yadda muka zo.

Da la'asar ina alwala na ji mai ɗakina ta ɗaga murya a tsakar gida, abin da ban taɓa ji ba: “Kai, mai wake, taso daga nan!” Shekara biyu ba ta da abin kiransa sai “kai” da “wancan”. Yanzu ya yi gemu, yana noman gonar nan ta hanyar Gabi, kuma har yau da wannan take kiransa, shi kuma yana amsawa.