Rifet, Ka Tafi da Sauran Layukan

Wanda Ya ba da aron rai Ya karɓi abinSa. Ranar Laraba, sha biyu ga Fabrairu, Rifet Alibegović ya rasu a nan Tuzla, bayan ciwon zuciya na kwana uku.

Rifet, ni Zijad da kaina na tsaya da ƙafata. Daga bakanike na zama mai shaguna huɗu na kayan gyaran manyan motoci, da karatun sakandare kawai. Ban saba cewa wani ya tallafe ni ba. Yau zan faɗa.

Bayan yaƙin ƙasarmu ka same ni a rumfa, ina rubuta lambobin kaya a jikin kwali. Ka ce, "Kai mai baƙin farce, ran da ruwa ya jiƙa kwalin nan, ina shagonka?" Ka gina mini rumbun bayanai a kwamfuta, mai faɗin wane ƙarfe ya dace da wace mota. Shekara ashirin da shida muna ci daga gare shi. Ba ka taɓa yi mini gorin ilimi ba, sai dai gorin gahawata, wadda ka ce ko radiyetar mota ba za ta sha ba.

Bara kwamfutar ta fara shure-shuren mutuwa. Masu kawo mana sabon tsarin kwamfuta suka ce sai da taswirar rumbun za su kwashe bayanan, in ba haka ba komai zai cakuɗe. Na ga ka tsufa. A gaban ma'aikata na ce an yi manhajojin da ke leƙa rumbu su zana taswirarsa cikin minti biyar, ba sai na jira tsoho ba.

Biyar muka gwada, kana zaune a gefe kana cin burek ɗinka, gasasshiyar fulawar nan mai nama a ciki. Wata ta yi kyan launi, wata ta yi sauri, wata ta sume a hanya. Amma duk abu ɗaya suka fitar: akwatuna ɗari biyu da sha biyu, kowane na rukunin bayanai guda, babu layi ko ɗaya da ya haɗa wani da wani. Ashe tun farko ba ka rubuta alaƙar a cikin rumbun ba, don kwamfutar lokacin ba ta da ƙarfin ɗauka. A kanka ka ajiye.

Ba ka rama ba. Ka ce, "Maigida, na'urarka ta gina gidaje, ta manta titi. Miƙo fensir." Ka manna takardun taswirar a bangon ofis, kana jan layukan da hannu, kullum kaɗan. Ka gama akwati ɗari da arba'in.

Saura saba'in da biyu, Rifet. Layinka na ƙarshe ya tashi daga akwatin birki, ya tsaya a tsakiyar farar takarda. Na tara tsofaffin ma'aikata, ba wanda ya san inda ya nufa. Abin da ke cikin waɗannan akwatuna ƙila ya bi ka ke nan. Wannan zan iya jurewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, na muzanta ka a gaban mutane, na bari sai ka gama zanen in ba ka haƙuri.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa haƙurin da ka yi da ni ya zama nauyi a mizaninka. Fikreta, uwargidansa, da 'ya'yansa Sanel da Ajla, Allah Ya ba ku juriya. Haƙurin da ban ba shi ba, ku nake roƙo ku karɓa.