Tulu na Ukun Mukhtaru Mai Salka

Mukhtaru ɗan Wada bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba. A hanyar hajji aka haife shi, ya girma a Sudan, ya shigo Makka yana saurayi, ya zauna a unguwar Jarwal yana ɗinka wa masu ɗiban ruwa salka, wato jakar fata ta ruwa. Wannan ce sana'arsa. Amma abin da ke ransa sobiya ce, abin shan nan na mutanen Hijaz da ake jiƙa sha'ir da busasshen burodi, a bari su ɗan yi tsami, a tace, a sa sukari da kirfa.

Bai taɓa sayar da ko kofi ɗaya ba. Tuluna uku gare shi a bayan rumfarsa, lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Na farko irin ta kowa ce, na biyu da zabibi, na ukun kuwa na gwaji ne: yau tsamiya, gobe geron da wani alhaji ya rage daga guzurinsa. Yakan kara kunne a bakin tulu ya ji yadda take motsi, ya ɗanɗana ya daɗe bai haɗiye ba. Duk Juma'a bayan la'asar maƙwabta su taru, ya bi su da kofi yana tambaya, "Me ka ji a ƙarshen harshenka?" Wanda ya ce "daɗi" kawai, sai ya ji haushinsa.

Bayan babban yaƙin Turawa da shekara biyu, cikin watan Sha'aban, sai taron ya fara raguwa. Mutum tara suka koma huɗu. Garba mai tsire, wanda rumfarsa ke jikin tasa, ya karɓi kofi ya ajiye a gefen tabarma bai sha ba. A masallaci Mukhtaru ya lura wanda ke kusa da shi a sahu yana ɗan karkato da hanci.

Ya san abin da ake nufi. Sobiya in ta wuce kwana biyu a zafin Makka takan juya ta fara bugarwa, shi kuma ya fito daga Sudan, inda ake dafa giyar dawa. Ba a faɗa masa a fuska ba, shi ya sa abin ya fi cin ransa. Ya fara lissafa mutane ɗaya bayan ɗaya. Garba ne? Sun taɓa faɗa kan hayaƙin tukubarsa da ke shiga tulunan. Ko Ja'afaru, ƙanen matarsa Maimuna, da ya fara karatu a Harami ya dawo yana ganin laifin kowa?

"Ke me kika ji?" ya tambayi Maimuna tana tankaɗe.

"Ni ban ji komai ba, Malam." Ba ta ɗago ba. Daga ranar ita ma ta shiga cikin waɗanda yake zargi.

Ran nan da hantsi umda, wato mai unguwa, ya yi sallama. Tare da shi akwai wani dattijo, Dawuda, wanda ya shekara talatin a Sudan kafin ya ƙaraso Makka, ya san warin giyar can. Mutane suka tsaya nesa-nesa, kowa kamar wucewa yake.

"Ya Mukhtar," in ji umda, "magana ta iso ni. Na ga gara in zo da ƙafata kafin ta wuce ni. Buɗe mana."

Mukhtaru ya buɗe na farko. Dawuda ya shinshina, ya kurɓa, ya ce sobiya ce. Na biyu ma haka, har ya nemi ƙari. Da suka zo na uku Mukhtaru ya ɗora tafinsa a kan murfin. Kwana huɗu ke nan da ya jiƙa dabino da gero a ciki. Ya yi niyyar tacewa tun shekaranjiya, amma ya bari, don yana son ya ga inda ɗanɗanon zai kai. Shi kansa tun jiya ƙamshin bai kwanta masa ba, kuma bai ɗanɗana ba saboda tsoron abin da zai ji.

"Wannan kada Baba ya sa a baki," ya ce wa Dawuda. "Ta wuce lokacinta."

"Ka sha?" in ji umda.

"Wallahi ban sha ba, ban ba kowa ba."

"To me ya sa ka ajiye?"

Mukhtaru ya janye hannunsa daga kan tulun. Dawuda ya ɗaga murfin, ya sunkuya, ya daɗe, sannan ya miƙe. "Ba ta kai ba tukuna," ya ce, "amma tana hanya. Gobe war haka ba zan ce haka ba."

Mukhtaru ya ɗauki tulun da kansa, ya fita da shi bakin hanya, ya tuntsurar a gaban kowa. Umda ya ce, "Tayyib, shi ke nan. Jiƙon kwana biyu kawai, ya Mukhtar, kada ka ƙara ko wuni." Ya tafi.

Da azumi ya kama, mutane suka dawo ɗauke da kwanoni suna neman ta buɗa-baki, har da Garba. Mukhtaru ya zuba wa kowa, amma zaman Juma'a bai sake yinsa ba. Wanda ya kai maganar wurin umda, bai taɓa sani ba. Ja'afaru ya rantse ba shi ba ne, Garba ya ce shi bai ma san an yi ba, Maimuna kuwa duk sanda ya tayar da zancen sai ta tuna tana da tukunya a wuta.

Ya ci gaba da ɗinkin salka har gwangwanayen kananzir suka kore ta daga kafaɗar masu ɗiban ruwa. Sai ya koma gyaran takalma a ƙofar gida, inda yake iya ganin duk wanda ya shigo lungun. Ya rasu shekara goma bayan zuwan umda, kwana uku kafin ƙaramar salla. Garba ne ya yi masa wanka.