Shirun da Ya Kore Ni Daga Mabuga

Ni mutumin Magarya ne, kuma tun tashina bakina ba ya hutawa. In ina noma ina waƙa, in ina tafiya ina waƙa. Da na zama saurayi, a shekarun da Sarkin Musulmi ke zaune a Wurno, aka kai ni can in koyi bugun tufafi. Aiki ne na mutum biyu: ku zauna fuska da fuska, riga a kan gungume, kai ka sauke ɗan bugu, wato itacen da ake bugun da shi, abokinka ya ɗaga nasa, har shuni ya kama ya yi ƙyalli. Ƙarfi ina da shi, kuma ina son sana'ar kamar raina.

Sai dai maigidanmu mutum ne da ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Ya ce mabugarsa ba dandali ba ce, manya suna wucewa, kada a ji komai sai ƙarar itace. Sauran ma'aikata kuwa sun mai da kai tsegumi wurinsa hanyar neman shiga. Ko gunguni na yi, kafin azahar ya ji. Na ce masa, Baba, ni da waƙa hannuna ke gane lokacin sauka. Ya harare ni, ya ce mi ya haɗa hannu da baki? Don tsoron kada a mai da ni gida da kunya, na kame bakina. Daga nan aikina ya fara lalacewa. Ina bugu ina tunanin kada murya ta kuɓuce mini, sai in riga abokina ko in makara. Rannan muna bugun rawanin wani malami, abokina ya miƙo hannu zai juya shi, ni kuwa na sauke. Yatsunsa biyu suka karye. Maigida ya tara mutane, ya ce hannun fartanya gare ni, ba zan taɓa zama mabugi ba. Na yi kuka saboda abokina, amma ban yarda da maganar ba ko kaɗan.

Maimakon in koma gida, na nufi Raba. Can na tarar da wani tsoho, mabugarsa kamar gidan biki, ana bugu ana amshi. Da ya ji labarina, sai ya miƙo mini ɗan bugu, ya ce in buɗe bakin nan ya ji. Ban sake kuskuren sauka ba, har na yi furfura a sana'ar.

Yatsun abokin nan nawa suna damuna har yau, amma ba zan nemi gafarar halina ba, Allah ya yi ni da shi. Kuskurena shi ne biyayyar da na yi wa dokar da na san za ta kashe mini hannu. Ku masu gida, ku san halin wanda kuka ɗauka kafin ku ce ba ya da amfani. Kai kuma saurayi, in ka ga ƙarfinka kaɗai ake so, ba a son ka, tashi tun ba ka nakasa wani ba.