Nauyin Baki Ya Kusa Raba Tahira da Aikinta

Duk ƙauyen nan na gefen kogin Watari babu mai iya faɗa maka aikin Tahira, 'yar Malam Sha'aban mai noman tumatir. Mata dai cewa suke yi tana danne-danne. To, danne-dannen kwamfutar nan ne ya kai ta jami'a a Kano, har wani ƙaramin kamfani ya ɗauke ta gwaji. Tana haɗa kayan komawa birni sai Inna ta faɗi, ɓarin jiki ya shanye. Ita kaɗai ce 'ya mace a gidan. Wa zai yi wa Inna wanka, wa zai juya ta? Ta roƙi alfarma a bar ta ta yi aikin daga gida. Suka ce to, amma in aikin farko bai tashi ba zuwa Juma'a, ko ta taho birni ko a ba wani.

Ga aikin. Kwamfutoci biyu ne a ofis, ana so su riƙa zuba wa juna bayanai kai tsaye, daga ma'ajiyar wannan zuwa ta waccan, ba ɗan aike a tsakani. Kafin haka sai kowacce ta buɗe ƙofarta, a yi musayar lamba da mabuɗi, mai karɓa ta ce ta shirya, sannan mai aikawa ta saki. Ƙofar aikawa ce aka ba Tahira. Ta karɓa kuwa tana hannun Malam Ja'afaru, dattijo mai furfura, wanda ya koyar da malaman da suka koyar da ita.

Ran Litinin ta gama nata, ta tura masa lambarta. Ta saki bayanai, shiru. Ta sake, amsa ɗaya ce: can ɗin ba a shirya ba. Ai kuwa sai ta hau kanta da zargi. Ta warware aikin layi-layi ta sake ɗinkewa, ta kuma warwarewa. Kwana uku cur! Zuciyarta ta sha raya mata ko Malam ne bai gyara tasa ƙofar ba, amma ina! Ita Tahira ta ce wa sa'an babanta ya duba aikinsa? Ni dai wallahi abin nan ya ba ni haushi, yarinya mai ƙwaƙwalwa haka.

Ran Alhamis da hantsi ta kai wa babanta fura gona, ido ya yi luhu-luhu. Ya matsa mata da tambaya, ta yi masa bayani daidai fahimtarsa. Malam Sha'aban ya jingine fartanya.

"Ke yanzu wannan ce ta hana ki cin tuwo? Kin ga gonar da ke ƙasa da tawa, ta kawun Innarki ce. Surukina ne, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Amma ranar ban ruwa sai na ɗaga murya na ce, Baba, an buɗe? In na yi shiru ruwa ya malale a banza, ni da shi duk mu kwana ciki."

Ko kwanon ba ta tsaya ɗauka ba. Tana isa gida ta buga waya. Sai da ta gaida Malam Ja'afaru, ta tambayi iyali, gajiya, har da zafin gari, sannan ta ce, "Malam, a yi mini afuwa, ko an saka lambata a can?"

Ya duba, sai ga salati.

"Subhanallahi! Ga ta nan cikin saƙo tun Litinin, ban saka ba. Me ya hana ki magana, 'yar nan?"

"Nauyi nake ji, Malam."

"Ajiye shi can. Na buɗe, saki mu gani."

Ta saki. Bayanai suka wuce sumul, ko tuntuɓe babu. Malam ya ce da bakinsa zai gaya wa shugaban kamfanin jinkirin daga gare shi ne, kuma daga yau in ta ga ya karkace ta faɗa masa gaba-gaɗi.

Farin ciki ya hana ta zama, ta faɗa ɗakin Inna. Tsohuwar ta ɗago ido, ta haɗa kalmomin da ƙyar.

"Gobe... za ki tafi?"

"Ba inda za ni, Inna. Kawo hannun in shafa miki mai."