Jirgin Tonton Lusiyan

Lahadin farko bayan ƙaramar Sallah, shekarar da na cika tara, aka ƙwanƙwasa mana ƙofa da hantsi a gidanmu na Bron, can gefen Lyon. Ina buɗewa sai ga Tonton Lusiyan, wato Kawu Lusiyan, tsohon Bafaranshen da ke zaune a ƙasanmu, rungume da kwalin takalmi kamar mai ɗauke da jariri. A ciki kan jirgin ƙasa ne na wasa, na gwangwani, irin wanda ake murɗa wa maɓalli ya yi tafiya. Baƙin fentinsa duk ya ɓare, jikinsa ya sha karce. Ya miƙa wa Babana, ya ce ƙafa ɗaya ce ta maƙale, ko zai duba masa ita.

Duk benen an san Baba da jirage. Ɗan Damagaram ne, ya tashi babu layin dogo a ƙasarmu, bai taɓa shiga jirgin ƙasa ba sai da karatu ya kawo shi Faransa, kuma tun ranar abin ya shiga ransa ya yi kaka-gida. Cikin mako yana jami'a yana binciken cututtukan gero, ranar Lahadi kuwa sai ya ja ni kasuwar tsoffin kaya, mu yi ta tonon kwalaye har mu samo tarago mai tsatsa. Ranar Laraba da babu lekol, wato makaranta, yaran unguwa suna can suna tsalle-tsalle da igiya, ni ina baranda kan tsohuwar jarida ina gurzar tsatsa da takarda mai yashi. Shi ne mai fenti, kuma ba ya mayar musu da launinsu na asali. Adon manyan motocin dakon kaya na hanyar Damagaram zuwa Maraɗi yake yi musu, shuɗi da rawaya da furanni, da ɗan rubutu a gefe, "Allah ya kiyaye". Inna kan ce, "Mutum da digiri uku ya ƙare a wasan yara!" Amma ita ce mai kaɗe musu ƙura kowace safiya.

Baba ba shi da abokai a garin nan, gaisuwa kawai ke haɗa shi da abokan aiki. Tonton Lusiyan kaɗai ke hawowa da la'asar, su zauna su sha shayi suna gardamar jirage har magariba. Inna kan aike ni masa da dambun zogale, shi kuma ya dawo da kwanon a wanke tas, fanko. "Bawan Allah, bai san ba a mayar da kwano haka ba," in ji Inna, tana dariya. Mu a wajenmu abin kunya ne abin mutum ya shigo gidanka ya koma yadda ya zo. Shi ya sa da Baba ya gyara ƙafar nan, aikin da bai kai shan shayi ɗaya ba, sai ya juya jirgin a hannu ya ce, "Dattijo ya ba ni amanar abinsa, in mayar masa da shi duk karce kamar ban san mutunci ba?"

Ni aka ba gurza. A ƙarƙashin jirgin na ga wasu haruffa a karkace, an karce su da ƙusa. Na ɗauka ɓarnar wani yaro ce, na duƙufa a kansu har yatsuna suka yi ja, sai da wurin ya yi sumul. Har alfahari na yi. Mako uku Baba yana zana furanni da buroshi mai silin gashi, bai taɓa ƙawata nasa haka ba. Muka sauka da shi muna murna. Tsohon ya buɗe kwalin, bai ko kalli furannin ba, ya kifa jirgin yana shafa ƙasansa da babban yatsa, ya shafa, ya sake shafawa. Ya ce ya gode, a hankali, ya rufe ƙofa.

Daga ranar shayi ya mutu. Sai daga baya Inna ta ji labari wajen mai sharar benen: jirgin na yayansa ne Marsel, wanda ya rasu suna yara, shi ya rubuta sunansa da ƙusa, kuma ba abin da ya rage na hannunsa a duniya sai wannan. Baba ya tattara gwangwanayen fenti ya tura ƙarƙashin gado, abinci ma sai Inna ta matsa. Ina kuka na gaya masa na ga rubutun. Ya ce, "Ke kika goge, amma ni na sa ki."

Ranar Juma'a ya sa babbar riga da hula, ya kama hannuna muka sauka. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa ya durƙusa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba a Faransa. Tsohon ya ruɗe yana ta ƙoƙarin ɗaga shi. Baba ya ce a ba shi jirgin ya cire fentin duka, ya mayar da shi baƙi yadda yake. Tonton Lusiyan ya ce, "Hannun Marsel ya riga ya tafi, Isuhu. Ka bar mini naka." Da la'asar muka ji takunsa a kan matakala, Inna ta yi maza ta ɗora ruwan shayi.

Yau ina Aubervilliers, bakin Paris, kullum ina cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba na ko ɗaga kai in kalle shi. Baba da Tonton Lusiyan dukansu sun riga mu gidan gaskiya. Jiragen Baba suna kan kanta a falona, shuɗin ya dushe, furannin sun fara ɓarewa, kuma a jikin wani tarago akwai shatin yatsansa inda ya taɓa fenti bai bushe ba. Maigidana ya sha cewa mu sabunta su don yara. Ƙura kawai nake kaɗewa, ita ma a hankali.