Lalla Zuhur, wadda ta ƙi yi wa ɗanta baki

Daga Allah muke, gare shi muke komawa. Ranar Talata, tara ga Sha'aban, Lalla Zuhur ta unguwarmu a Maknas ta rasu.

Lalla, ni ne mai gasa burodin unguwa, wanda kike kira Sarkin Tsiwa. Ba ki taɓa kawo kwaɓinki ba tare da ƙarin curi ɗaya ba, kina cewa in ba duk wanda na ga yana kallon tanda da yawa. Ba ki iya karatu ba, amma duk jaridar da aka naɗe miki na'ana'a a ciki sai kin goge ta kin kawo min.

Sai kika daina zuwa gidan wankan mata, inda jiki ba ya ɓoyuwa. Wuyan hannunki ya kumbura, kika ce ƙofa ce. Na ce wannan ƙofa ta iya zaɓen wuri, har da sawun yatsu. Duk layin nan mun san sunan ƙofar: Mahjub, ɗanki tilo. Maƙwabta suna ƙara muryar rediyo, liman yana wa'azin haƙuri.

Ranar da na ce zan je wurin 'yan sanda, kika damƙe rigata da hannun mai lafiya.

“Rufe min baki, mara kunya. In na faɗa da bakina, an rubuta a sama na yi masa baki. So kake in kai ɗana wuta da kaina?”

Na karanta abin da na karanta, amma ban je wurin 'yan sandan ba. Har yau ban je ba.

Da ciwon ajalinki ya yi tsanani, Mahjub ya durƙusa neman albarka kamar yadda ake yi. Matan da ke ɗakin sun ce kin dafa kansa kin ce kin yarda da shi duniya da lahira. Yanzu yana zaune a rumfar makoki, ana cewa ya dace da uwa.

Ya Allah, ka jiƙan Zuhur, ka yalwata kabarinta, ka kwantar da ita inda babu mai ɗaga mata hannu. Ka ba 'yan'uwanta da jikokinta haƙuri.

Shi ma Mahjub na bi layi na yi masa ta'aziyya, Lalla, don na san haka kike so. Na riƙe hannun nan, na ce Allah ya ba da haƙuri.