Ranar da aka yi miya da bincikena

Shekarun baya, ina shekarar ƙarshe ta master a fannin cututtukan tsirrai, na yi kwana shida ina bin gonaki ina tsinko ganyen rogo: masu ciwon nan da ke sa ganye dabbare-dabbaren rawaya, da lafiyayyu don kwatantawa. Kowane ganye da ledarsa, kowace leda da lambar gonarta. Fita ta ƙarshe ke nan, don manoman suna dab da tuge rogonsu. Saura wata biyu in tsaya gaban malamai in kare aikina.

Na sauka tashar Adjamé ranar Juma'a da yamma, an riga an rufe labo, wato ɗakin bincikenmu, sai Litinin. Sai na wuce gidanmu a unguwar Bromakoté, na jera ledojin a firigon mahaifiyata don sanyi ya riƙe su, ban gaya wa kowa ba. A wautata, duk wanda ya ga lamba a jikin leda ai ya san ilimi ne.

Washegari na leƙa unguwar Treichville wajen abokina da muke aji ɗaya. Na dawo bayan Azahar, gidan sai ƙamshin manja yake. Mahaifiyata ta shi mini albarka, wai yau dai na tuna da gida na kawo tsaraba. Sai dai, in ji ta, manoman sun cuce ni, rabin ganyen ya lalace, ta tsince ta zubar, sauran kuma ta yi mana miya da shi.

Ban san lokacin da na isa kwandon shara ba. Masu ciwon suna nan, a cakuɗe da ɓawon albasa. Ledojin kuma an wanke su tas an shanya a igiya, lambobin sun goge. Ganyen da ba a san gonarsa ba kuwa, shara ne kawai.

Da na yi mata bayani, sai ta dafa bango.

"Cuta na ba mutanen gida?"

Na ce ciwon ba ya kama mutum. Duk da haka ko loma ba ta kai baki ba ranar.

Na kira abokina. Ya ce in kwantar da hankali: ganyen dai nawa ne, lambobin suna cikin littafina, in raba wa ganyen lambobin yadda na ga dama kawai. Wa zai sani? Na ce ba zan iya ba. Ranar Lahadi da safe sai ga ni zaune a tabarma da sabbin ledoji da alƙalami. Ina saka ganyen da na tsamo daga shara, ina rubuta lambobi. Na kai leda goma sha ɗaya mahaifiyata ta shigo, fuskarta ta ɗan saki.

"Alhamdulillahi. Ashe kana gane na kowace gona? Ta yaya?"

Da zuciya ɗaya ta tambaya, har da alfahari. Na ajiye alƙalamin. Tana fita na juye su duka.

Litinin na tsaya gaban malamin da ke duba aikina, na faɗa masa komai, ban da ledoji goma sha ɗayan. Ya saurare ni har ƙarshe. Daga baya ya ce bana ta wuce ni, sai rogon baɗi ya yi ganye. Abokaina suka kare aikinsu, ina cikin 'yan kallo ina tafi.

Yanzu a tashar jiragen ruwa nake aiki, ina duba iri da kayan gona kafin su shiga ƙasa. Sau da yawa akan ce in sa hannu kawai, ai ba sai an buɗe kwantena ba. Ba na yi. Amma ba na yi wa kowa kallon banza, don na san yadda alƙalami ke tafiya idan mutum ya tsorata.

Mahaifiyata har yau gani take ita ta ɓata mini shekara guda. Na sha ce mata ba haka ba ne. Abin da ta tarar ina yi a ɗakin nan ne har yanzu na kasa gaya mata.